Na Je Ƙauyen da Gwamna Lugga Ya Ƙare Kwanansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da mutanenmu masu zuwa Ingila, waɗanda yanzu sun yi yawa: masu kai 'ya'ya karatu, masu zuwa ganin likita, da iyaye mata da ake ɗauka su je wankan jego. Yawancinsu in sun dawo ka tambaye su abin da suka gani, sai su lissafa maka kantunan titin Oxford, da ƙofar fadar Buckingham, da Peckham inda suka sayi manja da garin kwaki. Ba laifi. Amma akwai wani ƙauye da bai kai tafiyar sa'a biyu daga tsakiyar Landan ba, wanda ya kamata duk ɗan Arewa mai ɗan sha'awar tarihi ya taka, domin a can mutumin da ya ci ƙasarmu da yaƙi ya ƙare kwanansa. Sunan ƙauyen Abinger, a gundumar Surrey, kudu da Landan. Mutumin kuwa Gwamna Lugga.

Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne, da jan sarƙa da kafa duwatsun iyaka na ci abinci har na yi ritaya. Saboda haka in ka ga na fi tsayawa kan hanya da shinge da taswira fiye da furanni, ka yi mini uzuri, sana'a ce. 'Yata tana aikin jinya a Guildford, ita da maigidanta suka matsa sai na zo na ga jikoki. A watan Yuni na je, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tun wajen uku ta yi. Surukina ne ya ce tunda kullum ina cika yara da labarin zuwan Turawa, bari ya kai ni inda babbansu ya zauna.

Abinger ba gari ba ne dunƙule, unguwanni ne a warwatse cikin daji da gonaki, biyu kuma suka fi suna. Ta ƙasa, Abinger Hammer, tana bakin hanyar da ta haɗa Guildford da Dorking, bas ma yana tsayawa a nan. Abin da za ka fara gani wani agogo ne da ya leƙo daga bangon gida ya rataya a saman titi, a ƙarƙashinsa mutum-mutumin maƙeri riƙe da guduma, duk sa'a sai ya bugi ƙararrawa. Agogon ya haura shekara 100, manyan motoci sun sha gogarsa, duk sanda aka goge shi kuma sai a gyara a mayar. Maƙerin ba ado ba ne kawai. Tun ƙarni na 16 ake sarrafa ƙarfe a wurin: sun datse wani rafi mai suna Tillingbourne, ruwan ya riƙa juya wani babban gargare, gargaren ya riƙa ɗaga wata ƙatuwar guduma tana dukan ƙarfe. Da maƙerar ta mutu, sai aka mai da tafkunan wurin noman wani ganye ɗan uwan lansir da ke tsirowa cikin ruwan sanyi mai gudu. Har yau ana sayar da shi. Na ɗanɗana, yajinsu ɗaya.

Rafin kansa, in ka ji ana ta zuzuta shi, kar ka sa rai da wani kogi. Ruwan iyakarsa ƙwauri, yara suna ta facaka a ciki da 'yan komaye, iyaye sun shimfiɗa barguna a kan ciyawa suna cin burodi. Abin da na lura shi ne kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasansa.

Daga nan muka bar mota muka hau tudu da ƙafa zuwa ɗaya unguwar, Abinger Common, tafiyar kimanin mil biyu. A nan ne na ga abin da ya fi komai ɗaukar hankalina a tafiyar, har ya so ya shafe Lugga.

Hanyar ta cikin gonakin mutane ta bi. Ba gefen gona ba, tsakiyarta. Mun isa wani shinge, sai ga matakala ta katako an kafa don mai tafiya ya tsallaka, dabba kuwa ba za ta iya ba. A jikin gungumen an manna ɗan faifai mai kibiya ruwan ɗorawa. Muka tsallaka muka faɗa cikin alkama da ta kai mini ƙugu, ga wata siririyar turba an bar ta fes ta ratsa har ɗaya bakin. Na tsaya na ce wa surukina, "Kai, mai gonar nan ya san muna nan kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ko ya sani ba abin da zai ce. Gonar tasa ce, hanyar ta kowa ce." Ya buɗe taswira a wayarsa, ga turbar an zana ta da ɗigo-ɗigo, ta bi daidai inda muke tsaye.

Da na koma gida na zauna na bi diddigin abin, saboda aikina ne. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000. Wata doka ta 1949 ce ta tilasta wa kowace gunduma ta zagaya ta tattara su, ta zana su a taswira guda wadda kotu ke karɓa a matsayin hujja. Hanyar da ta shiga wannan taswira ta shiga ke nan, ko an sayar da gonar sau goma. In manomi ya yi huɗa ya bi ta kanta, yana da kwana 14 ya gyara ta, kuma in ta ratsa gona ne faɗinta ba zai gaza mita ɗaya ba. Kibiya ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce, shuɗiya kuwa har mai doki da mai keke. In ya toshe, ko ya bar shuka ta rufe ta, duk wanda ya gani zai iya kai ƙara, kuma akwai tsofaffi 'yan ritaya irina da ba su da aikin da ya wuce su bi hanyoyin nan da sanda da takalmin ruwa suna neman wanda ya yi kuskure.

Malam Edita, ai wannan burtali ne. Mu ma muna da shi, har da dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Ni da hannuna na auna burtali, na kafa masa duwatsu, na zana, na sa hannu. Bayan wasu shekaru na sake bi ta wurin, na tarar da dawa ta kai kan mutum a tsakiyarsa, duwatsun an tone an yi murhu da su, takardar kuma da na nema a ofis aka ce gara ta cinye. Sauran labarin kowa ya sani, ana karanta shi a jaridarka kusan kowane mako.

Kada wani ya ce ai Bature ne, zuciyarsa ta fi tamu kyau. Ko kusa. Masu ƙasa na Ingila sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kewaye filayen gayya da shinge suna korar talakawa. A 1932 sai da ɗaruruwan matasa ma'aikata suka hau wani tsauni mai suna Kinder Scout da gangan don su karya dokar masu ƙasa, aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Da irin wannan rigima aka kai ga dokar 1949. Bambancin kawai, da aka samu hanyar an rubuta ta, an ajiye takardar inda gara ba ta kai, an kuma bar wa kowa damar ya duba.

Rubutun nan kuwa tsohon hali ne a wurinsu, kuma ba da son ransu suka koya ba. A 1066 wani sarki daga Normandi ta Faransa, William, ya ci Ingila da yaƙi. Bayan shekara 20, a 1086, ya baza malamai ƙauye-ƙauye su ƙirga gonaki da garemani da injinan niƙa da dabbobi, don ya san harajin da zai ɗora. Abinger tana cikin wannan kundi, da cocinta da injin niƙanta na ruwa. Da na ji haka sai na tuna malaman taki da Turawa suka baza gonakin ƙasar Kano suna aunawa da ƙafa saboda kuɗin ƙasa. Ashe abin da aka yi wa kakanninsu ne suka zo suka yi wa namu.

Abinger Common ɗin kanta ba ta da yawa. Coci, mashaya a tsallaken hanya tana fuskantar cocin, makarantar firamare, fili mai ciyawa, sai gidaje da suka ɓuya bayan itatuwa. A gefen filin, kusa da cocin, akwai turu. Turu sosai, na katako mai ramukan ƙafa, wanda a da suke sa mai laifi a ciki jama'a su yi ta kallonsa. Maimakon su jefar saboda kunya, sai suka yi masa 'yar rumfa kada ruwa ya ruɓar da shi. Bayan cocin akwai wani tudun ƙasa da mutanen William suka tara suka ɗora hasumiyar katako a kai, kusa da nan kuma a 1950 masanin tono Louis Leakey, wanda aka fi sani da aikinsa a Gabashin Afirka, ya haƙo wani rami da ake jin mazaunin mutanen zamanin dutse ne. Da wannan 'yan ƙauyen ke tutiya cewa babu ƙauyen da ya girme su a Ingila. Kowane ƙauye da irin tasa tutiyar.

Cocin sunanta St James. A watan Agusta na 1944 wani bam mai tashi da kansa, irin wanda Jamus ke harbowa Landan, ya faɗo mata ya rushe yawancinta. Suka sake ginawa bayan yaƙi. A 1964 tsawa ta faɗa mata ta kama da wuta. Suka sake gyarawa. Ƙofar a buɗe muka same ta, ba mai gadi, sai wata dattijuwa tana sauya ruwan furanni. Ta tambaye mu daga ina, muka ce Najeriya, ta ce to ai ta san abin da ya kawo mu, ta ajiye butarta ta kai mu gaban wani allo a jikin bango.

Bari in tuna wa matasa ko wane ne mai allon. Frederick Lugard, an haife shi a Madras ta Indiya a 1858. Shi ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, ya ce daga yau Arewa tana ƙarƙashinsu, alhali yawancin Arewar ba ta ma san yana yi ba. A Fabrairun 1903 sojojinsa, ƙarƙashin Kanar Morland, suka fasa Kano lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, Sarki Alu kuma aka kama shi aka kai Lakwaja, can ya rasu. A watan Maris aka ci Sakkwato, Lugga ya zo da kansa ya tara manyan gari ya gaya musu cewa yadda Fulani suka samu mulki da takobi, haka ya koma hannun Ingilishi da takobi. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta binsa suna barin gonaki da gidaje, har aka cim masa a Burmi a watan Yuli aka kashe shi da ɗaruruwan mutanensa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Mai Wurno har Sudan, zuriyarsu na nan a bakin Shuɗin Nilu. A 1906 talakawan Satiru, kudu da Sakkwato, suka yi bore suka kashe Turawa uku, aka aika runduna ta shafe garin daga doron ƙasa. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000. Daga nan Lugga ya tafi Hong Kong, ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya bar aiki a 1919. Matarsa Flora Shaw, 'yar jarida ce a The Times, ita ta fara ba da shawarar sunan Najeriya a 1897, tun kafin su yi aure a 1902.

A wannan ƙauye suka zauna, a wani gida mai suna Little Parkhurst. A nan ta mutu a 1929. A 1928 da aka ba shi sarautar Lord, da sunan ƙauyen aka laƙaba masa ita, Lugard na Abinger. Daga ƙauyen ya riƙa zuwa Geneva yana zama a kwamitin Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani mai duba yankunan da aka ƙwace daga Jamus da Turkiyya. A 1934 da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila sun gana da shi, akwai ma hotonsu tare, shi tsoho ɗan firit a gefen manyan riguna. Ya mutu a Afrilun 1945 yana da shekara 87. Bai bar ɗa ba, sarautar ta mutu tare da shi.

Allon na tunawa da shi ne, an rufe shi da wata magana tasa. Ma'anarta: ni dai abin da na yi, ƙoƙari na yi in jera tubalaina daidai.

Na daɗe a tsaye. Ban je don in yi masa addu'a ba, ban kuma je don in tofa yawu a ɗakin ibadar mutane ba. Zan ba shi abin da yake nasa: mutum ne mai aiki kamar ba zai mutu ba, a zamaninsa aka rufe kasuwannin bayi, kuma ginin da ya ɗora, wato mulki ta hannun sarakuna da baitulmali da alƙalai da haraji, ya daɗe fiye da yadda shi kansa zai yi zato. Amma magini in ya ce ya jera tubali daidai, mai safiyo tambayar farko da zai yi ita ce: filin na wane ne? Wa aka tasa kafin a ja igiya? Mutumin Satiru bai samu bangon da zai rubuta tasa jimlar ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, dattijuwar nan mai furanni, mace mai kirki ƙwarai, iyakar saninta shi ne wani babban gwamna ne da ya yi aiki a Afirka. Ba laifinta ba ne, abin da ta tarar a bango ke nan. Da na ce mata har yau ginin majalisar dokoki a Kaduna sunansa yake ɗauke da shi, sai ta riƙe baki.

Surukina ya ce, "Baba, mu je mu ga gidan?" Na ce a'a. Gida ne na zama, ba wurin kallo ba, ban ga dalilin da zan je in tsaya ina leƙen shingen mutane ba.

Sauran wuraren da ke kusa zan bi da sauri. Kudu da ƙauyen akwai tudun Leith Hill, tsawonsa mita 294, wato ƙafa 965. Wani attajiri, Richard Hull, ya gina hasumiya a kansa a 1765, ana cewa don tudun ya cika ƙafa 1,000, da ya mutu kuma a ƙarƙashinta aka binne shi. Matakalar ciki ƙunci gare ta, tana murɗawa, mai ciwon gwiwa ya haƙura ya zauna a ƙasa, akwai taga da ake sayar da shayi. Wanda ya hau, in sama ta washe, zai hango dogayen gine-ginen Landan ta arewa, ta kudu kuma ɗan ƙyallin teku. Ƙungiyar National Trust ke kula da wurin. An kafa ta a 1895, ba ta gwamnati ba ce, da kuɗin mambobi da wasiyyar matattu da gumin 'yan sa-kai take tafiya.

Sai Shere, ƙauyen da ke yamma kaɗan, a bakin rafin nan dai. Shi ne wanda ake ɗauka a hoto: gidaje masu gungumen katako baƙi a jikin farin bango, agwagi, 'yar gada. Ya cika da baƙi, wurin ajiye mota ma wahala. Abin da ya tsaya mini a can wasu ramuka biyu ne a bangon cocinsu. A 1329 wata budurwa, Christine, 'yar wani kafinta, ta nemi izinin bishop a gina mata ɗaki a jikin cocin a toshe ƙofa, ta ƙare rayuwarta a ciki tana ibada. Ta rami ɗaya take hango wurin da limaminsu ke tsayawa, ta ɗayan ake miƙa mata abin ibadarsu. Bayan 'yan shekaru ta fito, sai kuma aka rubuta takarda a 1332 a mai da ita. Ɗakin ya rushe, ramukan da takardun suna nan. Jikata ta sa ido a ramin ta ce, "Kaka, ita ta ce a rufe ta ko dai dole aka yi mata?" Na ce ta tambayi babanta.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka aljanna na gano. Ƙauyukan nan sun yi kyau har sun fi ƙarfin 'ya'yansu. A tagar wani dillalin gidaje na ga gida mai ɗaki uku, wanda asalinsa na leburan gona ne, an sa masa kuɗin da ya doshi fam miliyan ɗaya. Masu sayen irinsu ma'aikatan banki ne da lauyoyi da ke shiga jirgin ƙasa zuwa Landan da safe su dawo da dare, ko tsofaffi masu fansho mai kauri. Saurayin da aka haifa a nan, in ba gado ya ci ba, sai ya koma birni ya kama haya. Da rana tsaka ka bi layi guda ba ka ji kukan yaro ba, ba ka ji ana daka ba, ba wanda ke zaune a ƙofar gida. Suna gaisawa kam, in kun haɗu a turba kowa zai ce maka barka, amma in da kare a hannunka karen zai fi ka samun gaisuwa. Bas kuma ba kullum ba, ranar Lahadi sai a hankali, tsohon da ba ya iya tuƙi ya zama ɗan kurkuku a gidansa mai furanni. Ni kam a ba ni kyauta ba zan iya shekara a can ba.

Ga mai niyyar zuwa: jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ko Victoria zuwa Dorking kimanin sa'a guda ne, daga nan bas ko tasi. Ya tafi da takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa ko da ya ga rana, ya riƙe guzurinsa domin abincin halal ba a samunsa a ƙauye, sai dai kifi da dankali. In ya buɗe ƙofar gona ya rufe. Salla kuwa, ni a gindin wata bishiya na shimfiɗa dardumata a Leith Hill, ba wanda ya ko waiwayo.

In ranar Juma'a ce, ya ƙarasa Woking, ba nisa daga Guildford. A can ne masallacin Shah Jahan yake, na farko da aka gina musamman don salla a Birtaniya, a 1889. Wani malamin harsunan Gabas, Dokta Leitner, ya gina shi da kuɗin da sarauniyar Bhopal ta Indiya, Shah Jahan Begum, ta bayar. Ɗan ƙarami ne mai koriyar ƙubba, yanzu an ƙara manyan zaure a gefe saboda jama'a. Kusa da shi akwai wani lambu mai katanga da aka fara binne sojojin Indiya Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka mai da su babbar maƙabartar Brookwood. A garin nan na Woking ne kuma aka ƙona gawar Lugga, a gidan ƙona gawa na farko da aka gina a ƙasar. Mun yi Juma'a da 'yan Pakistan da Larabawa da wasu samari biyu 'yan Gombe masu karatu, waɗanda da na tambaye su ko sun taɓa zuwa Burmi suka ce sun dai ji sunan, alhali a jiharsu take, kusa da Bajoga.

Wannan ya kawo ni ga roƙona gare ka, Malam Edita. Kana da wakilai a Neja da Gombe da Sakkwato da Kogi da Kaduna. Ka tura su da kyamara. Ɗaya ya je Zungeru ya ɗauko mana abin da ya rage na hedikwatar Lugga, ya faɗa mana ko akwai allo ko ɗaya da ke bayanin wane gini ne wane. Ɗaya ya je Burmi ya ga halin da kabarin Sarkin Musulmi Attahiru ke ciki, da hanyar da ake bi a kai gare shi. Ɗaya ya nemi kufan Satiru, ya zauna da tsofaffin ƙauyukan kewaye ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu, da sunayen da suka riƙe. Ɗaya ya je Lakwaja kaburburan sarakunan da aka kai can. Na Kaduna kuma aikinsa ya fi sauƙi, ya shiga lambun Gamji ya duba 'yar gadar ƙarfen da aka ciro daga Zungeru, ya tambayi matasan da ke ɗaukar hoto a kanta ko sun san ta wace ce. A buga su ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, da taswirar yadda ake zuwa. In wakilin Sakkwato yana bukatar wanda zai auna masa kufan ya fitar da iyakarsa a takarda, har yanzu kayan aikina suna nan, kuma ba zan karɓi ko kwabo ba, a dai biya mini kuɗin mota.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin safiyo,
Tudun Wada, Zariya.